Ana Son Hannunsa, Shi Fa?

Karatu: 2 Sarakuna 24:10-17, Daniyel 1:1-7

Sa'ad da Nebukadnezzar ya ci Urushalima, bai kwashi mutane da ka ba. Zaɓe ya yi. Ya ɗebi jarumawa da masu sana'a da maƙera, ya bar matalautan ƙasar a baya. A Babila kuma aka ware samari lafiyayyu masu kaifin basira, aka ba su shekara uku ta koyon harshe da rubutun Kaldiyawa. Sarki ya san abin da mulkinsa yake bukata.

Gwamnatocin yau ba sa zuwa da takobi, amma lissafin bai sāke ba. Tun 1967 Kanada take auna mai neman shiga da maki: iliminsa, shekarunsa, harshen da yake ji, da sana'arsa. Ingila ma ta kafa sabon tsarin maki a 2021. Jami'ai sukan duba guraben aikin da 'yan ƙasa ba su cike ba, sai su rubuta jerin sana'o'in da ake maraba da su. Shi ya sa ƙofa takan buɗe wa nas daga asibitin Komfo Anokye, ta rufe wa mahaifinta mai fataucin goro, wanda da kuɗin goron ne ya biya mata makaranta.

To, laifi ne gwamnati ta yi irin wannan zaɓe? A ganina mai gida yana da ikon sanin wanda zai kwana a zaurensa. Sulemanu ma, da zai gina Haikali, Taya ya aika aka kawo masa Huram, gwanin aikin tagulla. Laifin yakan shigo sa'ad da aka karɓi hannun mutum aka ƙi mutumin. Hannu ba ya zuwa shi kaɗai. Yana da mata da 'ya'ya, yakan yi ciwo, wata rana kuma zai tsufa.

Mu na Zongon Kumasi ba labari aka ba mu ba. Kakannin wasunmu goro ne ya kawo su, wasu kuma suka zo daga Nijar da Najeriya da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, domin gonakin koko da ramukan zinariya na Obuasi suna neman ƙarfi. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fita. Cikin waɗanda suka hau mota har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Masu gonakin koko kuwa suka wayi gari suna neman ma'aikata. Sai reshe ya juye da mujiya: malaman makaranta da masu sana'a na Gana, waɗanda Najeriya ta karɓa lokacin arzikin man fetur, su ne gwamnatin Shagari ta kora a 1983, wajen mutum miliyan ɗaya. Gwanintarsu ba ta ragu ba, farashin mai ne ya faɗi. Haka ya faru a Masar: Yusufu ya ceci ƙasar daga yunwa, daga baya aka yi sarkin da bai san shi ba.

Kafin ka ɗaga yatsa ga gwamnati, ɗan'uwana, duba naka jerin. Idan baƙi biyu suka shigo majami'arku ran Lahadi, ɗaya likita, ɗaya yarinya daga Arewa mai dakon kaya a kasuwar Kejetia, wa ake tashi a ba kujera? Sunan wa dattawa suke tambaya bayan sujada? (Mu fastoci mun fi kowa sanin amsar, domin mu muke duba littafin zakka.) Yakubu ya tsawata wa ikilisiya a kan wannan a sura ta 2 ta wasiƙarsa. Umarnin da ke Littafin Firistoci 19:33-34, cewa a ƙaunaci baƙo kamar ɗan gida, bai sa sharaɗin takardar shaida ba, kuma dalilin da Ubangiji ya bayar shi ne Isra'ila ma ta taɓa yin baƙunci.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba masu rubuta dokokin shige da fice tsoronka. Ka kiyaye 'ya'yanmu da ke aiki a asibitocin Turai, ka tuna da marasa lafiyar da suka bari a nan. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.