Zeus, Alƙalin da Ake Tuhuma

Wajen shekara ta 435 kafin haihuwar Annabi Isa, gwanin sassaƙa Fidiyas ya kammala gunkin Zeus, sarkin allolin Girkawa, a Olimfiya, ƙasar Girka. Yana zaune bisa karaga, tsayinsa kusan mita 12, jiki na hauren giwa, mayafi na zinariya. Masanin labarin ƙasa Sitirabo ya ce da zai miƙe tsaye, da ya yaye rufin ɗakin bautar.

Girkawa sun ɗauki Zeus a matsayin mai tsaron rantsuwa da haƙƙin baƙo. Amma a tatsuniyoyinsu, shi ne ya tumɓuke mahaifinsa Kuronos, ya rikiɗe bijimi ya sace gimbiya Yurofa, kullum cikin cin amanar matarsa Hera.

To, yaya maci amana zai hukunta masu karya alkawari? Tambayar ta dami Girkawan kansu. Masanin falsafa Zenofanis ya zargi mawaƙa Homa da Hesiyod da jingina wa alloli sata, zina da yaudara, ya ce da dawakai sun iya zane, da siffar doki za su zana allolinsu. Kuma ya yi gaskiya. Daga baya masanin falsafa Aflatun ya nemi a hana yara jin irin waɗannan labarai a birnin da ya tsara a tunaninsa.