Ba Kowane Rashin Barci Ne Aljanu Ba

'Yan uwa, manomi a yankin Funtua ko Malumfashi zai kwana ido biyu, sai a ce masa aljanu ne ko raunin imani. A'a. Allah Ya sanya wa ƙwaƙwalwa mai gadi da ke farkar da mutum lokacin haɗari. Tsoron 'yan bindiga da tunanin bashin taki kan hana mai gadin nan hutawa: sinadarin kotisol ya hau, zuciya na bugu, barci ya gudu. Goro da shayin dare ƙara masa ƙarfi suke.

Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ba ya son hira bayan Isha'i. To, ajiye waya, bar goro tun la'asar, yi alwala da azkar. In abin ya daɗe, je asibiti; neman magani ba ya warware tawakkali.

Allah Ya ba mu zaman lafiya.