Labari a Bakin Mai Talla, da Hukuncinsa

Masu koyar da sana'ar rubuta talla a wannan zamani, musamman na ƙasar Amurka, sun yi ittifaƙi a kan magana guda, wato kada mai haja ya ɓata lokacinsa wajen lissafa nauyinta da ƙarkonta da rahusarta, gara ya ba da labari, domin zuciyar ɗan Adam, wadda hujja ke gundurarta nan da nan, ba ta ƙoshi da ƙissa. Har ƙa'idoji suka tsara wa abin. Wani masani, Joseph Campbell, ya wallafa littafi a 1949 inda ya yi da'awar cewa hikayoyin jarumai na al'ummai daban-daban duk tafarki ɗaya suke bi. Masu shirya sinima suka ɗauki wannan ra'ayi, daga hannunsu ya faɗa kasuwa, har a 2017 wani marubuci, Donald Miller, ya fito da tsarinsa mai suna StoryBrand, wanda a cikinsa mai saye shi ne jarumi, yana fama da wata matsala, sai ya gamu da jagora, wato mai hajar, ya shimfiɗa masa hanya, ya kira shi ga saye, ya nuna masa nasarar da ke jiransa in ya amsa, da hasarar da za ta same shi in ya ƙi.

To, Musulmin da ke cin abinci da alƙalaminsa a wannan sana'a dole ya tambayi kansa ko abin da yake karɓa halal ne. Ƙissa dai a kan kanta ba abin zargi ba ce, ga shi Ubangiji Maɗaukaki ya karantar da bayinsa da ita, ya kuma siffanta ta Annabi Yusufu, Alaihis Salamu, da cewa ita ce mafi kyawun ƙissoshi. Amma mai hankali zai lura cewa a cikin wannan sura ɗin ne 'yan'uwan Yusufu suka zo wa mahaifinsu da dare suna kuka, ɗauke da riga mai jini da zancen kerkeci, labarin da bai rasa komai ba na sharuɗɗan da malaman talla ke gindayawa, akwai tashin hankali, akwai abokin gaba, akwai shaidar da ido ke gani, in ban da gaskiya.

Wani sashe na mas'alar mai sauƙi ne, fukaha'u sun gama da shi tuntuni. Imamu Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya yi wa mai shi inkari. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya san algus da yaudara da ɓoye aibi haramun ne a ciniki. Imamu Gazali kuma, wanda ya rasu a 1111, ya tsananta a cikin littafinsa Ihya'u har ya ƙi yabon haja da abin da ke cikinta na gaskiya, sai fa in mai saye ba zai san shi ba sai an faɗa masa. Saboda haka wanda ya ƙago wata mata da ba a taɓa haihuwa ba, ya sa mata suna, ya ce ta sha maganinsa ta warke, maƙaryaci ne, daidai da mai lasifika a bakin tasha wanda ya dasa yaronsa cikin taro don ya ba da shaida, aikin da ya yi kama da najashi, wato ƙara wa haja farashi ba da niyyar saye ba sai don a ruɗi wani.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne labarin da babu jimlar ƙarya ko ɗaya a cikinsa. Littattafan adabin Larabci sun ruwaito cewa wani falke daga Iraƙi ya kai mayafai Madina, duk suka ƙare sai baƙaƙe, ya kai kukansa ga wani mawaƙi da ake kira Darimi, wanda a lokacin ya bar waƙa ya rungumi zuhudu, shi kuwa ya tsara baitoci a kan wata kyakkyawa mai baƙin mayafi da ta ɗauke hankalin mai ibada, kafin a jima matan garin suka saye su kaf. Ba a ɓoye aibin mayafi ba, ba a tauye mudu ba, amma an sa mace ta ji cewa ita ce ke da naƙasa muddin ba ta yafa baƙi ba. Abin da ya faru a birnin New York a 1929 ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, lokacin da Edward Bernays, yana yi wa kamfanin American Tobacco aiki, ya shirya wasu 'yan mata su kunna sigari a bainar jama'a ranar jerin gwanon Ista, aka sanar da 'yan jarida cewa wannan alama ce ta 'yancin mata. A nan ne nake ganin ma'aunin da muka saba da shi yana buƙatar ƙarin nazari, domin fiƙihun ciniki ya fi mai da hankali ga aibin da aka ɓoye a jikin haja, alhali gwanin labari yana iya barin haja yadda take, ya je ya ƙirƙiri aibin a cikin zuciyar mai saye, sa'an nan ya sayar masa da maganinsa.

Kakanninmu sun san haɗarin labari, shi ya sa suka yi wa tatsuniya katanga: da dare ake yin ta, tana da mabuɗi sananne, mai yin ta kuma yakan rufe da iƙirarin cewa ƙarya ya shirga, a jingina wa Gizo. Labarin talla ba ya sallama, ba ya bankwana, yana shigowa cikin rigar nasiha. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a shekara ta 597 bayan Hijira, ya yi littafi sukutum a kan masu ba da ƙissoshi a majalisun wa'azi, bai haramta aikinsu ba, amma ya yi kakkausan suka ga waɗanda ke sa jama'a kuka da ƙagaggun ruwayoyi. In kuwa an ƙi wannan ga mai kira zuwa ga Lahira, yaya za a yarje wa mai kira zuwa ga sabulu?

Ni a fahimtata, marubucin talla yana da filin halal mai faɗi. Matsalar da mutum ya riga ya kwana da ita, kamar manomin da ƙwari ke cinye masa wake a rumbu, in ka ba shi labarin wani manomi na haƙiƙa da ya sami mafita, da izninsa, ba ƙari ba ragi, to ka yi masa nasiha, ka kuma ci ribarka da tsarki. Matakin da nake tsoro a cikin tsarin nan na StoryBrand shi ne na nuna wa mai saye hasarar da za ta same shi in ya ƙi, domin ta wannan ƙofa ce ake gaya wa budurwa cewa launin fatarta ne ya hana ta miji, a gaya wa magidanci cewa tsohuwar wayarsa ta zubar masa da mutunci a cikin tsara, a tura shi cin bashi alhali kuɗin makarantar 'ya'yansa na jiransa. Wanda aka ba shi irin wannan aiki ya rubuta, ya kamata ya mayar wa mai shi, ya ce a kawo masa hasarar da ke akwai tun kafin ya ɗauki alƙalami.