Sa'ad Da Alƙali Ya Yi Kuskure

Ga wata tambaya mai nauyi da ya kamata mu duba tare. Idan kotu ta yanke hukunci, daga baya ya bayyana ta yi kuskure, ba kuwa sauran hanyar gyara, me ya wajaba a kan mai bi?

Abin ya faru a Jihar Filato. A zaɓen gwamna na watan Maris 2023 aka ce Caleb Mutfwang na PDP ya ci. Nentawe Yilwatda na APC ya kai ƙara. Kotun zaɓe ta ba Mutfwang gaskiya, amma a watan Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsige shi, ta ce jam'iyyarsa ba ta bi umarnin kotu ta yi zaɓen shugabanninta daidai ba, don haka ba ta da ikon tsai da kowa. Ran 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta rushe wannan hukunci, ta ce zancen tsai da ɗan takara ba na kotun zaɓe ba ne, ta maishe shi bisa kujerarsa.

Amma bisa ga wannan dalili ɗaya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta riga ta tsige mutum 16 daga cikin 24 na Majalisar Dokokin jihar, da waɗansu na Majalisar Tarayya. Su ba su da ikon zuwa Kotun Ƙoli, gama sashi na 246 na tsarin mulkin 1999 ya sa ƙarar zaɓen 'yan majalisa ta ƙare a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Dalili ɗaya, gwamna ya koma, su ba su koma ba.

To, me za mu ce? Da fari, dole shari'a ta sami wurin tsayawa. Da kowace ƙara ba ta da iyaka, da mawadaci ya yi ta jan matalauci daga kotu zuwa kotu har ya sayar da gonarsa. Saboda haka muna biyayya ga hukunci ko da ya yi mana ɗaci. Wanda ya ce tun da alƙali ya kuskure bari mu ɗauki sanda, bai san abin da yake roƙo ba. Mutanen Jos sun ga abin da sanda ta haifa a 2001 da 2008, gwauraye da marayu suna cikin ekklesiyoyinmu har yau.

Na biyu, biyayya ba ta mai da kuskure gaskiya. Ku tuna da Manzo Bulus a Kaisariya. Filikus ya bar shi a ɗaure shekara biyu, yana sa zuciya a ba shi kuɗi. Bulus bai fasa kurkuku ba, bai kuwa ce ya yi laifi ba. Ya faɗi gaskiyarsa a fili, ya bi ƙofar da doka ta buɗe masa, ya ɗaukaka ƙara gaban Kaisar. Haka mu ma. Inda doka ta bar rami, sai mu faɗa wa wakilanmu su gyara ta, gama mutane suka rubuta ta.

Na uku shi ne mafi wuya. A cikin majami'a ɗaya, waɗansu sun yi guɗa a Nuwamba, waɗansu a Janairu, kowa yana cewa Allah ya amsa addu'a. Bari kowannenmu ya tambayi zuciyarsa: da kuskuren nan mutumina ya amfana, da na kira shi kuskure? Idan muna yabon alƙali ran da muka ci, muna zaginsa ran da muka fāɗi, ashe rinjaye muke ƙauna, ba adalci ba. Mai irin wannan zuciya, in aka sa shi dattijo ya raba gardamar gona tsakanin 'yan'uwa biyu, yaya zai yi?

Akwai kursiyin shari'a wanda ba a kuskure a bisansa, can alƙalai da masu ƙara da mu duka za mu tsaya. Kafin ranar, mu yi wa alƙalan ƙasarmu addu'a su ji tsoron Allah, mu kuma riƙe mudu ɗaya ga namu da wanda ba namu ba.