Inshorar Motarka Ba ta 'Yan Sanda Ba Ce

Ɗana, ɗauko takardar inshorar nan da ke ninke cikin takardun motarka, ka karanta ta yau. Na san don kada a tsare ka a hanya ka yanke ta, musamman tun da 'yan sanda suka fara kamen marasa ita ranar 1 ga Fabrairun 2025. Amma ba dominsu aka yi ta ba.

Naira dubu 15 ɗin da kake biya duk shekara, tun da hukumar kula da inshora, NAICOM, ta ɗaga kuɗin daga dubu 5 a Janairun 2023, na wanda ka buge ne. In ka lalata masa dukiya, kamfani zai biya har naira miliyan 3. In ka ji masa rauni ko ya rasu, kamfanin ne zai ɗauki diyya. Kai da ke riƙe da sitiyari kuwa ba ka ciki, ko kwabo ba za a ba ka ba.

Leƙa Asibitin Ƙashi na Dala ka ga magidanci kwance da ƙarfe a cinya, matarsa na gefe a tabarma tana yi masa fifita. Kuɗin aiki daban, na magani daban. Amma abin da ya fi karya gida shi ne watannin da zai shafe bai fita nema ba. Ma'aikaci albashinsa na shigowa. Direban haya da tela fa? Ranar da ba su fita ba, babu cefane. Da akuya ake farawa, a ƙare da sayar da fili.

Saboda haka ka nemi ƙarin inshorar da ke kare jikinka. Ka tambayi wakilin kamfani baki da baki: za ku biya kuɗin asibiti? In na kwanta, akwai abin da za ku riƙa ba ni, kuma har mako nawa? Fasinjojina fa? Kada ka yarda da "ba komai, Alhaji". Ya nuna maka a rubuce. In zuciyarka ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful, wanda aka gina bisa tsarin Musulunci.

Ka kiyayi takardar bogi ta 'yan bakin ofishin lasisi. In tsautsayi ya auku, Allah Ya kiyaye, ka karɓi rahoton 'yan sanda, ka adana rasit ɗin asibiti komai ƙanƙantarsa, ka sanar da kamfani da wuri. Don Allah kada ka bari sai ka kwanta sannan ka san abin da ka saya.