Taga ko shago? Magana kan ginin asibitin unguwarmu

'Yan'uwa mazauna Sabon Ibadan,

Tun da muka fara karo-karo don gina ɗan asibitin unguwa, magana ɗaya ce ta raba kanmu. Filin ƙarami ne. Wasunmu sun ce a fitar da shaguna uku ta bakin titi, kuɗin hayarsu ya riƙa sayen magani da man janareta, ɗakunan kwanciya kuma su koma baya. Wasu suka ce in aka yi haka an toshe iska da haske. To, mu 'yan kasuwa ne, mun san darajar taku ɗaya na ƙasa a bakin titi a garin nan, ba za mu zargi masu son shago da mugun nufi ba. Amma mu tambayi kanmu: iska da haske da sutura haƙƙin mara lafiya ne, ko kuwa ƙawa ce ta masu hali?

Lafiya ta Allah ce, babu jayayya. Sai dai ya sanya mata sababi, kuma ɗakin da aka kwantar da mutum yana cikin sababan nan. Tarin fuka ta iska ake ɗaukarsa, ya fi yaɗuwa a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Duk wanda ya taɓa kwana jinya cikinmu ya san yadda abin yake: an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ga zafi ga sauro, mai jinya na kwance kan kwali a baranda, ana duba matar aure babu ko labule. Wanda bai runtsa ba, ga kunya ta ishe shi, ina zai samu ƙarfin murmurewa?

Magabata sun riga mu gane wannan. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da tsakar gida da ruwa mai gudana, sashen maza daban, na mata daban, kuma talaka da mai kuɗi duk kyauta ake duba su. A Ingila, Florence Nightingale ta dage a yi wa ɗakunan majinyata tagogi masu fuskantar juna don iska ta shiga ta fita. A 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya duba bayanan waɗanda aka yi wa tiyata a wani asibiti. Ya tarar waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bangon bulo komawa gida, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi kamar su ba. Ba ma sai mun je nesa ba. Ga UCH nan kusa da mu, wadda aka buɗe a 1957: ku dubi barandarta da bangonta mai huda-huda, ai don iska aka yi su.

Wani zai ce, Malam, taga ba ta sayen allura. Gaskiya ne, kuma asibitin da babu magani kango ne. Amma kuɗin magani ana iya nemo shi baɗi ta zakka, ko wakafi, ko gudummawar bayan sallar Juma'a. Bango kuwa in ya tashi ya tashi, jikokinmu ma a bayansa za su kwanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuma kada mu manta a baƙunta muke. Yaron da ya zo cirani daga Sakkwato ko Katsina, in zazzaɓi ya kayar da shi, uwarsa tana can nesa. Unguwar nan ce uwarsa da ubansa. Amana ce a wuyanmu, kuma ba a ajiye amana a lungun da mu kanmu ba za mu yarda mu kwana ba.

Don haka shawararmu ita ce a rage shagunan su koma ɗaya, a bar hanyar iska. Kowane ɗaki ya samu taga biyu masu fuskantar juna, da ragar hana sauro. A sa labule tsakanin gadaje, a ware ɓangaren mata. A yi wa mai jinya benci da zai miƙe a kai, da famfon alwala da wanke hannu, da ban-ɗaki mai tsabta kusa. A tsakar gida a dasa bishiya, ko da ta mangwaro ce guda ɗaya.

Kafin birkila ya ja igiya, kowannenmu ya ɗauka mahaifiyarsa ce za a fara kwantarwa a ɗakin nan, sannan ya faɗi ra'ayinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa aikin nan ya zame mana sadaka mai gudana. Amin.