Kyawun Ƙira da Nauyin Amana: Tunani a Kan Masu Sha'awar Gyaran Ƙananan Bindigogi



Kalmar bindiga tana da nauyi a kunnen Bahaushen wannan zamani. Da yawanmu da ke zaune a ƙasashen waje, idan waya ta yi ƙara da tsakar dare daga gida, sai gabanmu ya faɗi, domin mun san abin da 'yan bindiga suke yi a ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato. Amma a nan Amurka, inda nake aikin injiniyan ƙere-ƙere, akwai mutane masu natsuwa, iyayen yara, waɗanda suke ƙarar da Asabar ɗinsu a garejin gida suna goge katakon bindiga, suna auna ƙarfenta, kamar yadda wani yake kiwon tattabaru ko gyaran tsohuwar mota. Wasu daga cikinsu abokan aikina ne. Matasanmu da suka taso a nan kuma ana gayyatarsu filin koyon harbi kamar yadda ake gayyatarsu ƙwallo. Tambayar da ke gabanmu ita ce: ya halatta ga zuciyar mutumin kirki ta ji daɗin kyautata abin da aka ƙera domin ya huda? In ya halatta, da wane sharaɗi?

Kafin hukunci, ya kamata mu san abin da ake magana a kai. Yawancin masu wannan sha'awa suna aiki ne da bindiga mai ƙaramin harsashi da ake kira .22, wato kaurinsa bai kai milimita 6 ba, nauyin dalmarsa kuma bai kai giram 3 ba. Turawa suna kiran irinsa rimfaya, saboda sinadarin da ke tayar da wutar albarushi yana cikin leɓen gindin kwanso ne, maimakon tsakiyarsa. Wani maƙerin Faransa, Louis-Nicolas Flobert, shi ya buɗe wannan hanya a 1845. Kamfanin Smith & Wesson ya fito da gajeren .22 a 1857, sannan dogon samfurin da ya fi yaɗuwa a yau ya bayyana a 1887. Tunda dole kwanson ya zama mai laushin da za a iya murƙushe leɓensa, ba ya ɗaukar wuta mai ƙarfi. Shi ya sa harsashin yake da araha, ƙararsa ba ta da yawa, ba ya kuma dukan kafaɗa. Da shi ake koya wa yara harbi, da shi ake farautar zomo da kurege, da shi ake gasar harbi ta mita 50 a wasannin Olamfik. A gasar nan ta gudu kan dusar ƙanƙara haɗe da harbi, ɗan wasa yana zuwa yana haki, ya kwanta, ya nemi faifan da faɗinsa bai wuce santimita 4.5 ba daga nisan mita 50.

Bindigar da ta fi shahara a hannun masu gyara ita ce Ruger 10/22, wadda aka fara sayarwa a 1964. An tsara ta yadda sassanta suke da sauƙin sauyawa, har ta kai akwai kamfanoni da yawa da ba su da sana'ar da ta wuce ƙera mata kayan canji. Mutum zai sauya bututu, ya sassaƙa sabuwar ƙota ta katako daidai da tsawon hannunsa, ya shafe ta da mai sau da yawa har ta yi ƙyalli, ya ɗora madubin hangen nesa. Da yake ba a sake cika kwanson irin wannan harsashi a gida kamar yadda ake yi wa manya, sai mai bindiga ya riƙa gwada harsasan kamfanoni daban-daban, irin su Eley na Ingila da Lapua na ƙasar Finlan, har ya gano wanda bututunsa ya fi jituwa da shi. Burinsa duka shi ne harbi biyar su taru a rami ɗaya a jikin takarda.

Ba zan ɓoye muku ba, wannan aiki yana jan zuciyar injiniya. Na riƙe ma'auni na taya abokin aiki duba wani sashe da bambancin da ake nema a cikinsa bai kai kaurin gashin kai ba, na kuma ga irin haƙurin da yake buƙata. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera a gida yana kallon yadda jan ƙarfe yake bin umarnin guduma ya san wannan daɗi. Addininmu ma bai raina shi ba. A Suratul Anbiya da Suratu Saba an ba mu labarin Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda aka tausasa wa ƙarfe, aka koya masa saƙa sulke, aka kuma umarce shi da ya daidaita awon zobbansa. Sahabi Khabbab ɗan Aratti maƙerin takubba ne a Makka. Hadisai ingantattu sun kwaɗaitar da koyon harbin baka. Saboda haka wanda ya ce taɓa makami da niyyar gwaninta zunubi ne a kan kansa, ya ƙuntata abin da shari'a ta yalwata.

Sai dai masu wannan sha'awa suna da wata magana da suke yawan kare kansu da ita: wai bindiga kayan aiki ne kawai kamar guduma ko wuƙar kicin, ba ta da laifi, laifin na mai riƙe da ita ne. A nan ne nake rabuwa da su, kuma sana'ata ce ta raba mu. Injiniya ya san babu abin da ake ƙerawa ba tare da manufa a cikin siffarsa ba. An tsara guduma ta buga ƙusa, in ta fasa kai to an karkatar da ita ne. Bindiga kuwa an tsara ta ne ta jefa dalma da saurin da ya kai kimanin mita 330 a daƙiƙa ɗaya, kuma a ranar da ta huda jiki, ta yi aikinta daidai yadda aka zana shi. Takardar da ake harbi a fili madadin jiki ce. Wannan bai haramta ta ba, amma ya bambanta nauyin mai ita da nauyin mai guduma. Darasin farko da ake koya mana a makaranta shi ne, ba a auna ingancin gada da ranar da iska take kwance. Ana tambaya ne: me zai faru ranar da komai ya lalace lokaci ɗaya? Mai gyaran bindigar da ya auna bututu har zuwa kaurin gashi, amma bai auna mummunar ranar gidansa ba, rabin lissafi ya yi.

Ƙanƙantar harsashin ita ce babbar yaudara. Hausawa sun ce kada a raina allura, ita ma ƙarfe ce. A jikin kwalin harsashin .22 ana rubuta gargaɗi cewa yana iya yin lahani a nisan da ya wuce mil ɗaya. Da ƙaramar bindigar hannu mai irin wannan harsashi aka kashe Sanata Robert Kennedy a Los Anjeles a 1968. Da irinta aka harbi Shugaba Ronald Reagan a Washintan ranar 30 ga Maris, 1981. Harsashin ya daki jikin mota ya karkato ya shige huhunsa, kakakinsa James Brady kuma ya rayu da naƙasa har ya rasu a 2014. A yankin Kambriya na Ingila, a 2010, ɗaya daga cikin makaman da wani mutum ya yi amfani da su ya kashe mutum 12 doguwar bindiga ce mai harsashin .22. Abin da ake kira na koyon yara ke nan.

Akwai kuma wani adadi da ya kamata kowane magidanci a Amurka ya sani. A 2021 sama da mutum 48,000 suka mutu ta hanyar bindiga a ƙasar, kuma fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu. Ma'ana, haɗarin ya fi zama a cikin gida, a daren da baƙin ciki ya rufe wani, kuma makami yana kusa. Mu da muke zaman baƙunta mun san kaɗaici da matsin takardu da nauyin 'yan uwa a gida, mun kuma san yadda muke ɓoye ciwon zuciya saboda kunya. Guguwar irin wannan dare takan wuce, in babu abin da zai mayar da ita hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara.

Idan muka koma ga koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, za mu ga ya haɗa izini da ladabi mai tsanani. Ya hana mutum nuna ɗan uwansa da makami ko da wasa, ya kuma bayyana dalili: hannu yana iya kuɓucewa. Ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa da ya riƙe tsininsu, kada ya ji wa wani rauni. Ya hana a mayar da abu mai rai abin gwajin saiti, kuma an ruwaito yadda Abdullahi ɗan Umar ya tsawata wa wasu samari da suka ɗaure tsuntsu suna harbinsa. Abin lura shi ne, mai kibau a kasuwa ba shi da mugun nufi, amma duk da haka an ɗora masa nauyi. Kyakkyawar niyya ba ta wadatar ba. Ana tambayar mutum a kan abin da ya kamata ya hango. A kan wannan tushe malaman fiƙihu, musamman Malikawa, suka gina ƙa'idar toshe ƙofar ɓarna, har suka hana sayar da makami ga wanda aka san zai shiga fitina da shi, kamar yadda suka hana sayar da inabi ga mai yin giya.

Daga nan nake ganin amanar mai wannan sha'awa ta kasu uku. Ta farko amanar gida ce. Bindiga ta zauna a kulle cikin akwatin ƙarfe, babu harsashi a ciki, harsashin kuma a wani makulli daban. Uwargida tana da haƙƙin a nemi yardarta, domin ita ma a ƙarƙashin rufin take kwana. In akwai mai fama da damuwa a gidan, ko rikicin aure ya yi zafi, makami ya bar gidan har ƙura ta lafa. Hatta ƙurar dalmar da ke maƙalewa a hannu da tufafi bayan harbi guba ce ga ƙaramin yaro, sai an wanke kafin a ɗauke shi.

Ta biyu amanar hannun da abin zai koma. Bindigar da aka kula da ita tana iya wuce shekara ɗari tana aiki, wato za ta fi mai ita daɗewa a duniya. Wa zai saya? Wa zai gada? Wanda ya kyautata ta, ya sa ta fi dacewa da saiti, sannan ya miƙa wa wanda bai sani ba don ya sami kuɗin sabon aiki, yana da kaso a cikin abin da za ta aikata.

Ta uku amanar ƙasar da ta karɓe mu. Takardar izinin shiga alkawari ce, Musulmi kuma ba ya saɓa alkawari. A Amurka, dokar tarayya ta hana mafi yawan masu bizar wucin gadi, har da ɗalibai, mallakar bindiga ko harsashi, sai da wasu 'yan togaciya. Tun 1934 doka ta sanya ƙa'idoji na musamman a kan doguwar bindigar da bututunta bai kai inci 16 ba, kuma saya wa wani bindiga da sunanka don ya kauce wa bincike babban laifi ne. Jihohi ma kowace da nata ƙarin. A Birtaniya sai da lasisin 'yan sanda, kuma bayan kisan yaran makaranta a Dambilen a 1996 an haramta kusan dukkan bindigogin hannu a shekarar da ta biyo. Kuskuren Bahaushe Musulmi ɗaya a wannan fage ba ya tsayawa a kansa. Masallacinsa da al'ummarsa duka za su amsa tambaya.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne babu mai tsere wa ƙaddara, amma wanda ya koya mana imani da ita shi ne ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Wani kuma zai ce, tunda haka ne a bar abin gaba ɗaya. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma ga wanda ya rasa ɗan uwa ta bakin bindiga ba na buƙatar ya kawo mini hujja. Sai dai ba zan mayar da tsantseninsa hukunci a kan manomin da ke kare gonarsa daga ɓarnar dabbobi ba, ko matashiyar da ke neman lambar yabo a gasar harbi.

Ni dai matsayina shi ne, ina zuwa filin harbi mai lasisi lokaci-lokaci, ina kuma jin daɗin hira da masu gyara a kan ƙarfe da katako, amma ban shigo da bindiga gidan da ƙananan yarana suke wasa ba, domin da na yi lissafin mummunar rana, ribar ba ta biya ba. Wani zai yi nasa lissafin ya sami wata amsa, kuma ba zan zarge shi ba matuƙar ya yi shi da gaskiya. Abin da nake roƙo shi ne, idan ɗanka ko ƙaninka ya zo maka da wannan sha'awa, kada ka tsaya ga tsawa, kada kuma ka tsaya ga yabon ƙyallin katako. Ka tambaye shi inda makulli yake, wa ya san inda yake, da kuma hannun da bindigar za ta faɗa ranar da ba ya nan. Amsarsa ita za ta nuna maka ko ya isa riƙe ta.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya kawo wa ƙasashenmu zaman lafiya, Ya sa mu cika amanar da muka ɗauka. Amin.